Shekarar da Na Auna Gonar Surukina

Jiya na ga biyu daga cikinku, ku samarin masu awo na yanzu, a bayan tasha. Ɗaya na riƙe da bakin tif ɗin awo, ɗayan na zaune kan babur yana nuna masa da baki inda zai kafa turke. Kafin in gama gaisawa da mai shayi har sun naɗe tif sun yi gaba. Na tambaya, aka ce wai fili suka auna. To, Allah ya kyauta. A wurinku awon fili jan igiya ne da buga itace, kuma ban ga laifinku ba, don ni ma haka na ɗauka ranar da mahaifina ya kai ni wurin Malam Arzika.

Malam Arzika shi ne babban mai awo na ƙasarmu tun kafin a ba mu mulkin kai. Ya yi jan sarƙa a bayan Turawan safiyo masu auna ƙasa, ya fito da sanin aiki da kuma baƙin faɗa. Gajere ne, muryarsa ta fi shi girma. Na daɗe a hannunsa ban taɓa sarƙa ba, aikina saran turaku kawai. Kuma ba kowane itace ba, sai ƙirya, don ita ce gara ba ta ci. Na taɓa jin ƙyuya na saro wani itace mai taushi na fere shi sumul. Malam ya ɗauki ɗaya ya sansana, ya ce, "Labbo, gara ta aike ka cefane?" Ya sa na kwashe su duka na kai wa matarsa ta yi tuwo da su.

Sarƙar awo ƙarfe ce gaɓa-gaɓa, da mariƙi na tagulla a kowane baki. In rana ta buge ta ba ka iya riƙe ta sai da tsumma. Kowace safiya sai mun shimfiɗa ta a ƙofar zauren Malam, mu bi ta gaɓa bayan gaɓa, wadda ta lanƙwashe mu miƙe ta da guduma. Gaɓa ɗaya in ta lanƙwashe ba za ka gani a filin farko ba, sai ka kai ƙarshen layi ka tarar ka cinye wa wani bawan Allah wurin da zai kafa rumbu. Muna da kibau na ƙarfe masu jan ƙyalle, na gaba yana kafawa na baya yana tsincewa, sai doguwar sanda mai ja da fari da ake hango layi da ita. Iyakar kayan ke nan. Sauran aikin yana cikin ido, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Akwai wani Alhaji mai fataucin goro da muka auna wa fili kusa da kasuwa. Da muka komo bayan kwana biyu, sai muka tarar turkensa na gabas ya shiga cikin filin maƙwabcinsa. Ramin farko ma ba a rufe shi da kyau ba. Malam ya tsaya ya dubi turke, ya dubi rami, ya dubi Alhaji.

"Alhaji, turken ga naka kiwo shika hita?"

"Wallahi Malam, nan nis same shi."

"To, ka ɗaure shi. In ya koma hita, gidan hakimi za a kai shi."

Irin waɗannan su ne masu sauƙi, don mai cuta ka san shi, ka san inda za ka tare shi. Mata su tuge turke su yi girki, yara su yi wasa da shi, jaki ya sosa jiki da shi ya karkata, duk waɗannan suna da magani. Abin da ya kayar da ni ba cuta ba ce, kuma ba wanda ya yi shi da mugun nufi.

Kafin in kai can, sai kun gane yadda ake ba da fili a lokacin. A zamanin iyayenmu, in mutum yana son wurin gini, mai unguwa zai je da shi bayan gari ya ja masa layi da ƙafa, a yi addu'a, shi ke nan. Bayan an sami mulkin kai Illela ta fara cika. Motoci na shigowa daga Sakkwato, fatake na tsallakowa daga Ƙonni, kowa na son gida kusa da hanya. Sai aka ce ba sauran jan layi da ƙafa, unguwa za a riƙa yankawa da tituna. Hannaye suka yi yawa a cikin abin. Mai unguwa shi ke sanin masu buƙata, hakimin gari shi ke rabawa, uban ƙasa ya sa albarka, majalisa da kansilolinta su ce su suka yanke shawara, wani ofis a birni kuma ya ce ba a yanka komai sai da saninsa. Mu dai namu awo. Haka muke cewa, kuma muna jin daɗin faɗar haka.

Ƙa'ida ɗaya ce kowa ya yarda da ita, ko da yake ba a rubuce take ba. In aka yanka gonar mutum aka mai da ita unguwa, shi ne zai fara zaɓar fili, nasa da na 'ya'yansa maza. Ana ce masa kason mai gona, kuma shi ne kaɗai abin da ke rage masa. Mai unguwa zai je gidansa kafin ranar rabo ya tambaye shi inda yake so, ya zo ya gaya wa babban mai awo, mu ɗaura ƙyalle a turakun wurin don kada a ba kowa. Mun yi haka sau da yawa, ba a taɓa samun kuskure ba.

To, wata shekara bayan girbi aka ce za a yanka sabuwar unguwa a hanyar Amarawa. Lokacin ni ne na gaba a sarƙa, Malam ya fara tsufa, yawanci yana zaune a inuwa yana yi mana tsawa. Da aka nuna mana wurin sai na gane shi. Gonar surukina ce, mahaifin mai ɗakina.

Ba zan kama sunansa ba, ko yau da ya daɗe a ƙasa. Mutanen gari suna ce masa Mai Jakai, don yana ɗan fatauci da jakai in rani ya yi, ni kuwa Baba nake cewa, shi ma a bayan idonsa. Ku yanzu kuna zama da surukanku kuna cin shinkafa a kwano ɗaya, har da musun ƙwallo. Mu ba haka muka tashi ba. Tun ranar da aka ɗaura mini aure da 'yarsa ban ƙara haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya sai in ratse, in tuɓe takalmi, in durƙusa har ya wuce. Shi kuma ya kau da kai, ya amsa gaisuwar kamar da iska yake yi. In ina da magana da shi sai in aiki wani, in yana da ita sai ya aiko. In aka ambace shi a gabana kuwa, sai in sunkuyar da kai in yi shiru. Ba ƙiyayya ba ce, girmamawa ce, kuma garin duka ya shaida ba wanda ya kai ni kiyaye ta.

Gonar nan ita ce abincin gidansa. Yana da 'ya'ya maza biyu da suka isa aure, gidan da suke ciki a tsohon gari kuwa ya yi musu kaɗan. Da labari ya kai masa bai yi gardama ba. Ya san ƙa'ida, ya san gona za ta tafi amma filaye uku za su dawo masa a bakin sabon titi, inda zai iya sauke fatake ya ci abinci da su. Yaransa suka shiga yin tubali tun muna saran turaku, suna jerawa a gefen gonar suna bushewa.

Ban taɓa yin aiki da kulawa irin na wannan gona ba. Ni da hannuna na tuge gambar da ke kan iyaka, wadda kakan matata ya shuka. Kowace rana da azahar sai a aiko mana da ƙwaryar fura daga gidan Baba. Abokan aiki su sha su yi gyatsa, ni in juya baya, don ba a shan furar suruki a bainar jama'a. Suna ta yi mini ba'a, suna cewa in bari su shanye mini rabona tunda ni dukiyar gidan na ɗauko.

Ana cikin aikin na lura mai unguwa bai zo da maganar ƙyalle ba. Na ce ko yana tafe. Aiki ya yi nisa, shiru. Wata rana muna naɗe sarƙa Malam Arzika ya ce, "Labbo, maganag gidan surukanka hwa?" Na yi abin da aka koya mini tun ina saurayi, na sunkuyar da kai na yi shiru. Malam ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla." Ya ɗauka na riga na ware musu wuri ne ina jin nauyin faɗa. Ni kuma na ɗauka tunda ya tuna, zai tuna wa mai unguwa. Gaskiyar magana akwai wani abu kuma. Ina tsoron a ce mai awo ya zaɓa wa surukinsa bakin titi. Na fi son manya su yi, hannuna ba ya ciki.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, sai na nemi Tunau. Tunau abokina ne, wanzami, shi ke kai saƙona gidan Baba tun ina neman aure. Na ce masa ya je ya gaya wa Baba ya taka da kansa wurin mai unguwa ya faɗi inda yake so, don rabo ya matso. Tunau ya je ya dawo, ya ce Baba ya gode, ya sa albarka. Na ce alhamdulillahi, na sauke nauyi.

Ranar rabo aka taru da hantsi. Hakimi ya zo, wakilin uban ƙasa ya zo, kansila ya zo da babbar riga, 'yan kasuwa da malamai duk suna nan. Yadda ake yi, mai unguwa zai kira mutum, ni in kai shi in tsayar da shi a jikin turkensa, liman ya yi addu'a a shafa. Da an shafa fatiha fili ya zama nasa, ko hakimi ba ya karɓewa. Na hango Baba a gefe ƙarƙashin wata aduwa, zaune kan buzu da rigarsa ta Jumma'a, yaransa biyu tsaye a bayansa. Ban ƙara duban wajen ba.

Da aka kira mutum na farko ba Baba ba ne, na ce ko an bar shi ƙarshe don girmamawa. Aka ba da bakin titi. Aka ba da layi na biyu. Ina kai mutane jikin turaku ina ƙirga saura a zuci. Sau biyu na buɗe baki zan yi magana, sai in tuna Baba na zaune yana ji, in na yi magana sai na ambace shi a gabansa a gaban gari. Na ce wa kaina ai manya na nan, ba za su manta ba. Haka na tsayar da mutum na ƙarshe a jikin turke na ƙarshe, aka shafa.

Sai hakimi ya waiga ya ce, "Malam Arzika, ina na mai gona?"

Malam ya ce, "Ranka shi daɗe, ai surukinai ka riƙe da sarƙa. Na aza ya hidda musu tun tuni."

Hakimi ya dubi mai unguwa. Mai unguwa ya ce, "Ranka shi daɗe, ni in tai in tambayi mutum mi shika so, ɗiyatai na gidan mai awo? Ai zagin Labbo na."

Ido duka ya dawo kaina. Ina tsaye da sanda mai ja da fari a hannu, na rasa inda zan sa ta. Kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba, kuma har yau ban manta da ita ba. Baba ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya naɗe buzunsa da kansa. Bai dubi kowa ba. Ya ce, "Allah shi sa albarka ga waɗanda sunka samu," ya kama hanyar gari, yaransa na biye da shi.

Da la'asar na kama Tunau a rumfarsa, na ce ya maimaita mini abin da ya gaya wa Baba. Ya ajiye aska ya ce, "Kai Labbo, ni in dubi tsabar idon dattijo in ce mai shi tai shi yi roƙo ƙohwar mai unguwa? Na dai ce kana gaishe shi, kuma shi kwantar da hankalinai." Na so in mare shi, sai na ga da wane hannu. Abin da ya yi shi ne abin da na yi.

Daga nan na shiga yawon gyara, ihu bayan hari. Mai unguwa ya ce shi kira kawai yake yi, hakimi ke rabawa. Hakimi ya ce ransa ya ɓaci ƙwarai, amma fatiha ba ta warwaruwa, sai dai a yanka wani wuri, yanka kuwa na majalisa ne. Kansila ya ce majalisa ta gama maganar filaye ta bana, sai in birni sun ba da izini. Na roƙi waɗanda suka samu, ko ɗaya ya haƙura. Kowa ya tausaya, kowa kuma ya riga ya kira magina. Mutum ɗaya ya nuna mini wani lungu a ƙarshen unguwar inda ake haƙar ƙasa, ya ce ko a ba Baba nan. Ban ko kai wannan magana gidan ba.

Na hau motar kaya na tafi birni. Na wuni kan benci kafin a shigar da ni wurin wani ma'aikaci mai kirki, wanda ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce su abin da suke dubawa tituna su fita daidai, a bar wurin masallaci da makaranta, amma wa aka ba wa aka hana, wannan na mutanen gari ne. Sai ya ce, "Wai wa ya auna wurin?"

Na ce, "Ni ne."

"Mai gonar bai san ka ba ne?"

Na ce, "Surukina ne."

Ya ajiye alƙalaminsa ya dube ni. Ban jira abin da zai ce ba. Na yi godiya na fito.

Da na dawo na tarar tubalin nan da yaran suka yi rani guda suna yi, Baba ya ce a bar wa masu gini su kwasa. Akwai gidaje a wannan unguwa da katangarsu ta farko da tubalinsa aka tashe ta. Na aiki Tunau, wannan karon na sa shi ya rantse zai faɗi yadda na faɗa, na ce Baba ya karɓi gidana ni in nemi haya. Amsar ta dawo gajera: ya gode, amma ba a zama gidan ɗiya. Mai ɗakina ba ta taɓa ce mini uffan a kan maganar ba. Tuwo na zuwa a kan lokaci, ruwan wanka na zuwa, sai dai ta daina tambayata yadda aiki ya wuni.

Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'ar. Ba a kore ni ba, ba a ko yi mini faɗa ba, don wa zai yi? Duk wanda ya ɗaga yatsa sai ya nuna kansa. Amma gari ya samu abin faɗi. In mutum ya dogara da ɗan'uwansa a wata harka sai a ce masa, "A'a, tai da kanka, kada a yi maka awon Labbo." Ina ji a kasuwa ina wucewa. Malam Arzika, mai faɗa a kan gaɓar sarƙa ɗaya, bai ƙara ɗaga mini murya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Abu ɗaya ya canja, tun daga ranar ba ma buga turke ko ɗaya sai mai gona ya zo ya tsaya da ƙafarsa ya nuna nasa, ko uban wa ne, ko surukin wa ne. In ku ma kuna yin haka yau, to ga inda aka samo shi.

Bazara ta yi, hadari ya fara haɗuwa, Baba ba shi da inda zai kai iri. Yana da dangi a tsallaken iyaka, wani ƙauye bayan Ƙonni, suka ce ya zo za su ara masa gona, yaran kuma su samu wurin gini. Tafiya ce ba mai nisa ba, amma wata ƙasa ce, da wata hukuma da wani kuɗi. Mutumin da aka haifa a Illela, aka haifi ubansa a Illela, zai je ya zama baƙo da furfurarsa.

Ban san ranar tashinsu ba, ba wanda ya gaya mini. Ina cikin sabuwar unguwar da safe ina duba wani turke da magina suka tuge, sai na ji kukan jaki. Na ɗaga kai na hango su tafe ta babban titin da na yanka a tsakiyar gonar. Ashe ya ce sai ya bi ta nan kafin ya kama hanyar iyaka. Jakai ɗauke da tukwane da tabarmi da fartanya, mata a baya, yaran biyu na kora, shi yana gaba da sandarsa.

Na ratse gefe, na tuɓe takalmi, na durƙusa, idona a ƙasa. Ina jiran ƙafafunsa su wuce kamar kullum. Sai suka tsaya a gabana.

"Labbo."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na ɗaga kai ban shirya ba, muka haɗa ido. Ba fushi a fuskarsa, da ma akwai da na fi jin sauƙi. Ya juya ya dubi titin tun daga farkonsa har inda ya ƙure, kamar mai duban kunyar da wani ya yi a gona.

Ya ce, "Layin ga ya miƙe ƙwarai. Ka iya aikinka."

Ya buga sandarsa a ƙasa, jakai suka motsa. Ina durƙushe har na ƙarshensu ya wuce. A can ya rasu, kuma iyakar maganar da ya taɓa yi mini baki da baki ke nan.